Karin Harshe Ba Kuskure Ba Ne: Malamin Hausa da Bambancin Furuci a Kudancin Kano

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da sabon malamin Hausa kan ci karo da su tun a makonsa na farko cikin aji, akwai bambancin furuci tsakanin ɗalibansa. Wannan ya ce tafi, wancan ya ce tahi; wannan ya ce rigar Audu, na kusa da shi ya ce rigan Audu. Abin da aka saba gani shi ne malam ya ɗauki furucin birnin Kano ya mai da shi ma'auni, duk abin da ya saɓa masa kuwa ya kira shi kuskure ko ƙauyanci. Wannan maƙala tana ganin cewa wannan hanya tana da illa, kuma ba ta da madogara a ilimin kimiyyar harshe. Hakkin malami ne ya tsaurara wajen gyara rubutu, amma bakin yaro yana da nasa hukuncin daban, wanda ya kamata a fahimta kafin a kai masa gyara. An ɗauki ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a matsayin misali, saboda nan ne inda Kananci yake gogayya da maƙwabtansa na kudu.

Yankin da Mutanensa

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna kan hanyar da ta haɗa Kano da Zazzau tun zamanin fatake. Ta wannan hanya ce rundunar Turawa ta biyo daga Zariya a farkon shekarar 1903, har aka gwabza a Bebeji kafin ta isa Kano. A yau ma babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin, kuma daga Kwanar Ɗangora wata hanyar ta ɓalle ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta nufi Saminaka da Jos. Doguwa, wadda hedkwatarta take Riruwai, ita ce ƙuryar jihar ta kudu, ta yi iyaka da Jihar Kaduna da ta Bauchi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta jawo masunta da manoman rani daga wurare dabam-dabam, kamar yadda haƙar ma'adinai a Riruwai ta jawo leburori. Ga Fulani makiyaya, ga kuma Kurama a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, waɗanda suke da harshensu na gado.

Wuri irin wannan, wanda kasuwa da auratayya da cirani suka haɗa jama'arsa da mutanen Zazzau da Bauchi da sauransu, ba zai yiwu a same shi da baki ɗaya ba. Iyakar jiha a taswira take, harshe bai san da ita ba. Saboda haka ɗalibin malanta da aka tura aikin gwajin koyarwa a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ya shirya jin Hausa iri-iri a aji guda.

Yadda Daidaitacciyar Hausa ta Samu

Masana sun kasa kare-karen harshen Hausa gida biyu manya. Akwai Hausar Gabas, wadda ta ƙunshi Kananci da Zazzaganci da Bausanci da Dauranci. Akwai kuma Hausar Yamma, wadda ta ƙunshi Sakkwatanci da Gobiranci da makamantansu. Katsinanci yana tsakani, amma ta fuskar furuci ya fi karkata yamma. Tun a ƙamusun Bargery na 1934 an riƙa nuna garin da kalma ta fito, wanda ke tabbatar da cewa an san da waɗannan bambance-bambance tun da daɗewa.

Daidaitacciyar Hausa kuwa yarjejeniya ce da aka ƙulla domin rubutu. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗanhausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta yaɗa salon rubutu guda a duk faɗin Arewa. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka kuma yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. An gina wannan daidaitacciyar Hausa a kan Kananci saboda yawan jama'ar Kano da girman kasuwarta da kuma yaɗuwar Hausarta a bakin 'yan kasuwa. Waɗannan dalilai ne na tarihi da tattalin arziki. Babu wani bincike da ya nuna cewa Kananci ya fi sauran kare-kare tsarki ko daɗewa. Hasali ma, a wurare da dama akasin haka aka gano.

Furucin da Ake Rainawa Yana da Ƙa'ida

Misali na farko shi ne na baƙin /f/. Wannan sauti a Hausa baleɓe ne, wato da leɓɓa biyu ake furta shi, saɓanin na Ingilishi da ake haɗa leɓen ƙasa da haƙoran sama. A bakin Kanawa da yawa yakan koma /p/, a ji an ce pampo ko panka. A Hausar Yamma kuwa yakan zama /hw/ idan wasalin /a/ ya biyo baya, ya zama /h/ a gaban sauran wasula:

fara, hwara
faɗi, hwaɗi
fita, hita
kifi, kihi
fura, hura

Yaron da ya ce tahi yana bin ƙa'ida ce tsayayya, ba tuntuɓen harshe ya yi ba. Ita kanta daidaitacciyar Hausa tana ɗauke da wannan musanya a cikinta. Ana rubuta tsoho, amma jam'insa tsofaffi, aikatau ɗinsa kuma tsufa. Ana rubuta makaho, jam'insa makafi. Ke nan malamin da ya yi wa yaro dariya saboda ya ce hita, shi ma /h/ yake furtawa a gurbin /f/ duk lokacin da ya ce tsoho. Bambancin kawai shi ne wani karin ya tsayar da musanyar a gaban /o/ da /u/, wani kuma ya zarce da ita zuwa sauran wasula.

Misali na biyu ya fi wannan bayyana gaskiyar lamarin. A 1928 masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana yadda baƙaƙen Hausa suka raunana a ƙarshen gaɓa, kuma Paul Newman ya sake nazarin wannan doka a wani littafi da ya fitar a 2004. Baƙin hanɗa ya koma /u/, shi ya sa ake da talaka amma talauci, ake da Bugaje amma Buzu. Baƙin hanƙa ya koma /r/, shi ya sa ake da fatake amma farke. Waɗannan biyu sun game Hausa. Na ukun, wato komawar baƙin leɓe zuwa /u/, ya auku a Kananci, amma bai kai ga Sakkwatanci ba:

zauna, zamna
aure, amre
sauro, sabro
auduga, abduga
taushi, tabshi

Tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi ita ce, wanne ne na asali? Amsar tana bakin Bakano da kansa. Wanda ya ce zauna, shi ne kuma yake cewa zama. Wanda ya ce aure, shi yake cewa amarya. Wanda ya ce ɗaure, shi yake cewa ɗamara. Wannan /m/ da ya ɓace a kalma ɗaya ya tsira a 'yar'uwarta, domin a can wasali ya biyo bayansa, bai faɗo ƙarshen gaɓa ba. Haka sunan Abdu ya koma Audu. Ashe ɗan cirani da ya ce zamna tsohon furuci ya riƙe, Kananci ne ya sauya.

Misali na uku shi ne na mahaɗin tamata. Asalin mahaɗi a Hausa na ne ga namiji da jam'i, ta ga tamata. Idan aka gajarta na sai a sami -n, kamar a gidan Audu. Idan aka gajarta ta sai a sami -t, wanda ya tsira a Sakkwatanci, ya koma -r a Kananci, ya koma -l a Dauranci. Wannan sauyi ne ya raba biyat ta Sakkwato da biyar ta Kano.

Irin wannan al'amari ba a Hausa kaɗai yake ba. A harshen Jawa na ƙasar Indunisiya, karin biranen sarauta na Surakarta da Yogyakarta aka ɗauka a matsayin daidaitacce. A can ana rubuta apa, ma'ana "me", amma a furta opo. Mutanen Banyumas kuwa suna furta kalmar yadda aka rubuta ta, kuma an daɗe ana yi wa karinsu ba'a, alhali furucinsu ne ya fi kusa da na tsohon harshen. Darajar kari tana bin sarauta da kasuwa da makaranta, ba ta bin asali.

Bakano ma Ba Yadda Yake Furtawa Yake Rubutawa Ba

Wani abin da masu ɗaukar Kananci a matsayin ma'auni sukan manta shi ne akwai tazara tsakanin Kananci da daidaitacciyar Hausa. Bakano yana cewa gidam Bala, amma ƙa'ida ta ce a rubuta gidan Bala. Yana cewa rigas sarki da hulam Musa saboda naso, amma rigar sarki da hular Musa ake rubutawa. Idan ya zo faɗin motar nan, abin da yake fitowa daga bakinsa motan nan ne, daidai da na Bazazzagi. Baƙin /m/ na ƙarshen malam da mutum da kullum ba da leɓe yake furta shi ba, can a hanɗa yake ƙare shi. Tagwan wasalin /ai/ kuma yakan miƙar da shi, raina ta koma rena.

Wannan ya nuna cewa babu yaron da aka haifa da daidaitacciyar Hausa a baki. Ɗan Fagge da ɗan Riruwai duk a makaranta suke koyon ta. Abin da ya bambanta su shi ne tafiyar ɗaya ta fi ta ɗayan nisa, kuma wanda tafiyarsa ta fi nisa shi ya fi buƙatar haƙurin malami.

Abubuwa Uku da Malami Zai Rarrabe

Faɗin cewa karin harshe ba kuskure ba ne, ba ya nufin malami ya naɗe hannu. Abin da ake bukata shi ne ya san irin abin da ya ji, domin abubuwa uku ne suke shigowa aji da kama ɗaya.

Na farko shi ne bambancin furuci zalla, wanda ba ya taɓa ma'ana, kamar tahi da zamna da halshe da galma. Irin wannan ba a tsayar da yaro a tsakiyar magana saboda shi. Wurin gyaransa shi ne littafin rubutu.

Na biyu shi ne bambancin da ya fara daga sauti ya shiga nahawu. Fitaccen misalinsa, kuma wanda ya fi shafar garuruwan da suke maƙwabtaka da Zazzau, shi ne amfani da -n ga sunayen tamata: rigan Audu, kasuwan gari, makarantan boko. A Zazzaganci wannan daidai ne, domin bambancin jinsi ya raunana a karin. A rubutu kuwa yana iya haifar da ruɗani. Matar Audu mace ɗaya ce, matan Audu kuwa sun kai biyu ko fiye. A baki karin sauti yana raba su, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, saboda haka wanda ya rubuta matan Audu yana nufin mace ɗaya ya ɓatar da mai karatu. Nan wajibi ne malami ya dage. Hanya mafi sauƙi ita ce ya mai da yaro ga asalin mahaɗin: a tambaye shi, riga ta Audu ake cewa ko riga na Audu? Idan kunnen yaron bai raba su ba, to darasin jinsi yake bukata tun daga tushe, tare da jerin kalmomi da shifta a kai a kai. Tsawa ba za ta koya masa abin da babu shi a karinsa ba.

Na uku shi ne tasirin wani harshe. Yaron da ya tashi da Fulatanci yana da /ɓ/ da /ɗ/ a harshensa, amma ba shi da /ƙ/ da /ts/. Shi da duk yaron da Hausa ta zame masa harshe na biyu suna iya haɗe baki da baƙi, kafa da ƙafa, saya da tsaya, sara da tsara. Wannan ba karin harshe ba ne, domin yana rushe bambancin da ma'ana ta dogara a kansa. A nan ne ilimin furuci da ɗalibi ya koya a kwaleji zai yi masa rana: ya nuna wa yaro yadda ake tsuke maƙwallato a tunkuɗo iska, ya yi ta gwada masa kalmomi bibbiyu har kunnensa ya raba su, sannan bakinsa ya bi.

Malamin da bai rarrabe waɗannan uku ba yakan ɓata ƙarfinsa wajen yaƙar na farko, wanda ba shi da illa, ya bar na biyu da na uku, waɗanda su ne suke kayar da ɗalibai a jarrabawa.

Hujjar Masu Saɓani

Akwai malamai masu ƙwazo da suke ganin sassauci a wannan fage ganganci ne. Hujjarsu ita ce yaro abin da yake furtawa shi yake rubutawa. Idan aka bar shi yana cewa tahi, tahi zai rubuta wa mai duba jarrabawa. Sukan ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda zai yi aikin rediyo ko koyarwa dole bakinsa ya daidaita.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Lallai ne malami da kansa ya riƙa amfani da daidaitaccen furuci a aji, kuma idan ana karatu a bayyane a karanta abin da aka rubuta. Sai dai an riga an nuna cewa Bakano yana furta gidam Bala ya rubuta gidan Bala ba tare da an canza masa baki ba. Abin da aka koya masa shi ne ƙa'idar rubutu, kuma ita ce za a koya wa ɗan Doguwa. Ɗan'adam yana iya riƙe salon magana biyu, ya san na gida ya san na makaranta, kamar yadda kowa ya san yadda yake magana da abokinsa daban da yadda yake yi da surukinsa. Ƙara wa yaro daidaitacciyar Hausa ba ya bukatar a ƙwace masa ta gidansu.

Ɓarnar da ake yi ta ɗaya hanyar kuwa babba ce. Yaron da aka kira baƙauye a gaban tsaransa saboda ya yi magana irin ta mahaifiyarsa, darasin da yake ɗauka shi ne yin shiru ya fi masa. Daga ranar ba ya ƙara ɗaga hannu, kuma darasin Hausa, wanda ya kamata ya zama inda ya fi sakewa, ya zama inda ya fi tsoro. Akwai kuma hasara ta fuskar adabi. Waƙoƙin masu jihadi, irin su Nana Asma'u, da na makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, cike suke da Hausar Yamma. Ɗalibin da aka tarbiyyantar a kan cewa zamna da ɗiya kurakurai ne, zai zo nazarin waɗannan waƙoƙi yana ƙoƙarin gyara su. Wanda kuwa ya mai da ɗiya ta koma 'ya a cikin baiti ya zubar da gaɓa guda, ya karya karin waƙar.

Abin da Ya Kamata Ɗalibin Malanta Ya Yi

Da farko ya fara da kansa. Da yawa daga cikin ɗaliban kwalejojin ilimi 'ya'yan waɗannan garuruwa ne, kuma wasunsu sun sha ba'a a birni har suka koyi jin kunyar Hausarsu. Irin wannan ɗalibi idan ya zama malami shi ya fi kowa tsanani ga yaran ƙauyensu. Sanin ƙa'idojin da aka bayyana a sama shi ne maganin wannan kunya.

Na biyu, ya tanadi littafi na musamman tun ranar da ya isa makarantar da aka tura shi. Duk furucin da ya ji ya saɓa wa daidaitacce ya rubuta shi, ya rubuta daidaitaccen a gefensa, ya kuma nuna rukunin da ya faɗa cikin ukun nan. Cikin 'yan makonni zai ga cewa abin da ya zata tarkace ne ashe ƙa'idoji ne ƙalilan suke maimaita kansu, kuma daga nan zai tsara shiftarsa. Irin wannan littafi, idan aka cika shi da maganar kasuwa da ta gona da ta tsofaffi, ya isa ya zama harsashin kundin bincike na kammala karatu.

Na uku, ya kula da lafazin gyara. Idan yaro ya ce, "Malam, baba ya tahi kasuwa," ya isa malam ya amsa da cewa, "To, madalla. Zo ka rubuta mana a allo." Idan ya rubuta tahi, sai a nuna masa cewa haka ake faɗa a wurare da yawa, amma a takarda tafi ake rubutawa domin kowane Bahaushe ya karanta abu ɗaya. A rubuta tsoho da tsufa a ƙarƙashi, a bar ajin ya gano dangantakar da kansa. Ta haka bambancin da ke cikin ajin ya zama kayan aikin koyar da tsarin sauti, wanda ya fi kowane zane na littafi kusa da yaran.

Na huɗu, kada ya yarda a yi wa kowa dariya saboda furuci, ko da ɗan birni ne yake yi wa ɗan ƙauye, ko 'yan gari suke yi wa baƙo.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaron Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa yana zuwa makaranta da Hausa cikakkiya, mai ƙa'ida, wadda wani lokaci ta adana abin da Hausar birni ta zubar. Abin da ya zo nema shi ne ƙa'idar rubutu da za ta haɗa shi da mai karatu a Sakkwato da Maraɗi da Kumasi. Malamin da ya san tsarin sauti zai ba shi wannan ba tare da rangwame ba: jan biro a kan rigan Audu, horo a kan baki da baƙi, da kunnen basira ga tahi da zamna idan an faɗe su da baki. Wannan rarrabewa ita ce ake sa ran ɗalibin malanta ya fita da ita daga darasin karin harshe, ya kuma shiga da ita aji.